Fentin Shunayya a Ranar Alhamis

Tlalane ta sauka daga motar haya a bakin hanyar ƙauyensu da bokitin fenti biyu, ɗaya a kowane hannu, buroshi kuma soke cikin jakarta. In ka ga yadda take taku sai ka rantse wata babbar sadaka ta zo rabawa. Da gangan ta zaɓi Alhamis, don ta san ranar mahaifiyarta ba ta yini a gida. In ba asibitin sha-ka-tafi na garin Hlotse ta je karɓo maganin hawan jini ba, to ta kai niƙa, in ba niƙa ba, to akwai wani mara lafiya a bayan dutse da sai lallai ranar za a gaishe shi. Shekara da shekaru haka abin yake, kuma Tlalane ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Abin da ya kawo ta shi ne zancen auren 'yarta Limpho. Ranar Asabar dangin saurayin za su zo gidan kakarta a yi maganar shanun sadaki, gidan kuwa tun da aka gina shi da bulo bai taɓa ganin fenti ba, fuskarsa toka-toka yadda magina suka bar ta. Tlalane ta yi shekara ashirin da shida tana guga a kamfanin ɗinki a Maseru, kuma ta ƙudura cewa surukan 'yarta ba za su zo su tarar da bangon siminti tsirara ba.

Sau huɗu ta sa mai kantin fenti ya sake haɗi. A ƙara ja. A'a, ya yi yawa, a ƙara shuɗi. Mutumin har ya gaji ya ce mata, “Mme, mutane fari suke saye, ko ruwan ƙwai. Wa kika taɓa gani da gida shunayya?”

Ta ce, “Launin mahaifiyata ne. Kai dai haɗa.”

Ta ɗauko makulli a ƙarƙashin dutsen da aka saba ajiye shi, ta canja kaya, ta jingina tsohon tsanin mahaifinta marigayi, ta fara daga kusurwar sama ta hagu. Da buroshin ya ja layin farko sai ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Wannan launi ai shi ne yarintarta gaba ɗaya. Shi ne launin mayafin kafaɗa na matan zumuntar cocinsu, wanda suke yafawa a kan farar riga da baƙin siket duk ranar Alhamis. Ta tuna safiyar Alhamis, ƙamshin gawayi a dutsen guga, Mme, wato mahaifiyarta, tana hura shi tana yayyafa wa mayafin ruwa da yatsu, ba mai ikon matsowa kusa da teburin. Ta tuna kanta tana biye da Mme a hanyar coci, ta kama gefen siket, tana kallon kafaɗun nan biyu a sama da ita, tana ganin duk ƙauyen ba macen da ta kai uwarta. Har ta tuna shekarar da ƙora ta cinye mata kai, Mme ta aske ta ƙwal ta shafe kan da maganin nan na ruwa mai launin shunayya. Yara suka yi ta yi mata dariya, ta dawo gida da kuka. Mme ta ɗora ta a cinya ta ce, “Me na kuka? Ai kin riga 'ya'yan kowa shiga zumunta. Mu a kafaɗa muke sawa, ke a ka.”

Tlalane ta yi dariya ita kaɗai a kan tsani. Ta yi ta shafawa tana rera wata waƙar coci da ba ta ma san ba ta manta da ita ba. Kafin rana ta take tsaka ta gama gefen hagu har ƙofa, ta fara kewaya taga.

“Wa nake gani a kan tsani? Tlalane ce ta Maseru? Kin yi ƙiba, 'yar nan. Ki tausaya wa tsanin ubanki, shi ma tsoho ne.”

Nkhono Malipuo ce, wato kaka Malipuo, maƙwabciyarsu, sa'ar mahaifiyarta kuma ƙawarta tun suna amare. Ta fito cikin shirin Alhamis, mayafi a kafaɗa, littafin waƙa a hammata, ta biyo ta gefen shinge inda ba a hango fuskar gidan.

“Nkhono! Ina yini? Ƙibar papa ce, tuwon masara, ba ta kuɗi ba.”

“Duk haka kuke cewa. Me kike shafa wa…”

Ta zagayo, ta ga bangon. Ta dubi bangon, ta dubi mayafin kafaɗarta, ta sake duban bangon. Dariyar da ke fuskarta ta ɗauke.

“Uwarki ce ta sa ki?”

“Ba ta ma sani ba. So nake ta dawo ta gani.”

“Za ta gani kuwa. Makiyayin da ke kan dutsen can ma zai gani.” Ta matso. “Sauko, ba na magana da mutum yana sama da ni. Tlalane, me uwarki Matlalane ta yi miki?”

Tlalane ta sauko da buroshi a hannu, tana murmushin da bai da wurin zama. “Kamar yaya, Nkhono? Launin da take so ne. Tun da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa zumunta, na ce bari in kawo mata launin har gida.”

“Ciwon me?”

“Gwiwa.”

“Khele!” Tsohuwar ta tafa hannu har littafin ya kusa faɗuwa. “Gwiwa! Matar da take hawa dutse ta sauko da damin itace a ka? Matar da ta goya 'yarki ta yi ciyawar gonar masara da ita a baya? Ni ce mai gwiwa, 'yar nan. Duk man zafin da kike aikowa a ƙafata yake ƙarewa, na gode, yana da kyau. Amma kada ki tsaya a gabana ki yi kamar a Ingila aka haife ki. A nan kika tashi. Kin san doka.”

Ta san ta kuwa. Duk yarinyar da ta tashi a ƙauyen ta san ta. In 'yar macen zumunta ta yi ciki a gida ba aure, uwar ce ke cire mayafi. Ba ta ƙara yafa shi, ba ta ƙara zama cikin matan Alhamis, sai 'yar ta zo ta zauna a bencin baya wata uku, sannan ta miƙe a gabansu ta nemi gafara da bakinta. Ranar ne ake mayar wa uwar da mayafinta da waƙa da guɗa. Yawanci abin ba ya wuce shekara. Amma Tlalane tana da shekara goma sha tara da cikin wata huɗu ta hau mota ta yi Maseru. Da ta yaye Limpho ta kawo ta ta ajiye, ta koma bakin aiki. A zuwan nan ne ta lura Alhamis ta yi ba a hura dutsen guga ba, ta tambaya, Mme ta ce gwiwa. Tlalane ta karɓi maganar hannu bibbiyu, ta rungume ta shekara ashirin da doriya, tana ciyar da ita da man zafi duk ƙarshen wata.

Nkhono Malipuo ba ta gama ba. Muryarta ta yi ƙasa, abin ya fi ihu ciwo.

“Duk Alhamis ta wannan ƙofar muke wucewa. Me kike tsammani yake fitar da ita daga gida tun asuba? Ta rasa abin yi ne? Shekara ashirin da shida ba ta tsaya ta kalli launin nan ido da ido ba, yau kin zo kin shafa mata shi a goshin gida. Mutane cewa za su yi ba'a kike mata. Wasu su ce ita ta sa ki, don ta yi mana gatsine.” Ta gyara mayafinta. “Shekararta saba'in da uku, ga hawan jini. In Ubangiji ya kira ta gobe, ba mayafi za a binne ta. Ba mu da ikon kewaye akwatinta mu yi mata waƙa. Ni da muka shiga zumunta rana ɗaya da ita, sai dai in zauna can cikin jama'a in yi shiru. Kin taɓa tunanin wannan kina can kina guga?”

Fenti yana ɗiga daga buroshin a kan takalmin Tlalane, ba ta ko janye ƙafa ba. Tsohuwar ta girgiza kai ta wuce, tana ɗingishi.

Kunya iri-iri ce. Akwai wadda mutum ke ji don an kama shi da abin da bai sani ba, wannan da sauƙi, ana dariya ta wuce. Ta Tlalane ba ita ba ce. Ba wani sabon labari Nkhono Malipuo ta ba ta ba. Abin da ke ƙasan zuciyarta ne tun tuni, wanda take takawa ta wuce duk Kirsimeti in ta zo, aka tono aka ajiye mata a tsakar rana. Ta tuna har tsokanar Mme take yi a waya: “Mme, lalaci ne dai, sa'o'inki na can suna tsalle a coci.” Mme takan yi dariya ta ce tsufa ne. Tuna wannan dariyar ya sa Tlalane ta durƙusa a gindin tsani, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Sai kuma ta zabura. Ta ɗebo ruwa a bokiti, ta samo tsumma ta hau goge bango. Fentin mai ne, mai tsada, ita da kanta ta ce a ba ta wanda ruwan sama ba ya wankewa. Inda ya bushe ko gezau bai yi ba, inda bai bushe ba ya dame ya yi jirwaye. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar kananzir, saura kaɗan a ciki, ta ɓata wuri kamar faɗin faifai, kananzir ya ƙare. Hannuwanta har gwiwar hannu sun rine. Ta share zufa da bayan hannu, goshinta ma ya samu rabonsa.

Tana cikin haka ta jiyo waƙa. Matan zumunta na unguwar sama ne suka gangaro a jere, su kusan goma sha biyar, kafaɗunsu duk launi ɗaya. Tlalane ta rasa inda za ta sa kanta. Shiga ɗaki gudu ne, tsayawa kuma ba ta da fuskar. Sai ta haye tsani ta manna fuska kusa da bango, ta ba hanya baya, kamar mai duba wani abu a jikin taga. Waƙar ta matso, ta matso, da ta zo daidai ƙofar gidan sai ta fara yankewa, murya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage takun takalma kawai. Ba wadda ta gaishe ta. Wata ta ce a hankali, “Ai 'yar ce.” Sai da suka kai gangaren rafi suka sake ɗaukar waƙar.

Wajen ƙarfe huɗu Mme Matlalane ta dawo, lulluɓe da bargonta, ƙullin magani a hannu. Tlalane na zaune a kan bokitin da ba a buɗe ba, ta hango ta tun daga nesa tana hawo tudu, taku ɗai-ɗai, ba sanda ba ɗingishi. Sau nawa ta ga wannan tafiyar ta kawar da kai?

Tsohuwar ta tsaya a bakin shinge. Ta daɗe tana kallon bangon, rabi shunayya, rabi toka, ga jirwaye a tsakiya. Sannan ta kalli 'yarta.

“Kin zo lafiya?”

“Lafiya lau, Mme.”

“Kin ci abinci?”

“A'a, Mme.”

Ta gyaɗa kai ta shige ɗaki. Tlalane ta kasa bin ta. Ta ji ƙarar jan akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ji murfin ya yi ƙara. Ta ɗauka kaya Mme ke haɗawa ta tafi gidan ƙanwarta, ta bar mata gidan da fentinta.

Mme ta fito ba bargo, da mayafin rataye a hannu, ƙamshin kafur na tashi. Ta je gaban bangon ta ɗaga shi kusa, ba ta bari ya taɓa ba, ta karkata kai.

“Sun cuce ki a kantin nan. Ya yi haske. Nawa ya fi duhu, duba.”

Tlalane ta duba. Ba launin ta gani ba. Guga sana'arta ce, ta san karin da ya kwana shekaru a akwati, ta kuma san na kwanan nan. Wannan gugar ba ta wuce mako guda ba.

Ta zube a ƙasa gwiwa bibbiyu. “Mme, zan je. Alhamis mai zuwa zan fara. Zan ɗauki hutu, in sun hana ni in bar aikin. Zan zauna a bencin baya wata ukun, in tashi in faɗi duk abin da ake faɗa.”

“Kin san abin da ake faɗa?”

“Na sani.”

“To faɗa in ji.”

Tlalane ta ce, “Na yi zunubi a gaban Allah da gaban iyayena mata. Na jawo wa gidanmu kunya.”

“Ƙarasa.”

“Abin da na haifa…” Ta sake farawa. “Abin da na haifa ɗan kuskure ne, a yafe mini shi.”

“Yauwa.” Mme ta naɗe mayafin a hannunta. “Sau biyu na sa aka rubuta miki wasiƙa in kira ki. Ta farko Limpho na wasa a nan, daidai inda kike durƙushe, tana dafa mini papa da ƙasa. Na kalle ta, na kalli takardar, na jefa a murhu. Ta biyu ranar da ta zo ta ɗaya a aji ne, ta shigo da gudu takalmi ɗaya a hannu. Ita ma murhu. Ba wanda zai tsaya a gaban jama'a ya roƙi a yafe masa Limpho. Ko ke da kika haife ta. Jibi za a zo neman aurenta, ke kuma ki je ki kira ta kuskure? Ba inda za ki.”

“To ranar da… Mme, Nkhono Malipuo ta ce ba za a binne ki da shi ba.”

“Malipuo bakinta ya fi gwiwarta lafiya. Ita za ta shirya ni? Ke ce. Ki sa mini shi daga ciki, ki rufa bargo a kai. Wa zai leƙa?”

“Waƙar fa?”

Mme ta kalli gangaren rafi, wajen da rufin cocin yake ƙyalli. “Waƙar kam na so ta,” ta ce. “Ba zan yi miki ƙarya ba. Na so ta.”

Wannan ita ce maganar da ta karya Tlalane. Da zagi aka yi mata da ta ji sauƙi. Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, ta yi maganar da ta fi ta bencin baya nauyi.

“Mme, na san ba gwiwa ba ce. Tun ranar da kika faɗa na sani. Na yi shiru ne don ya fi mini sauƙi.”

Wata tunkiya ta yi kuka a can bayan gida. Tlalane ta jira, ba ta ɗago ba.

“Na san kin sani,” in ji Mme. “Duk kwalbar man zafin da ta iso, sai in ce to, har yanzu ba ta shirya ba.” Ta ja numfashi. “Ni wannan nake jira, ba bencinsu ba. Kin daɗe, Tlalane.”

“Na daɗe, Mme.”

“Tashi, kin ɓata siket. Dubi goshinki, kamar shekarar ƙora.” Ta nuna bangon da haɓa. “Hau ki ƙarasa. Rabin bango ya fi kowane launi muni, ga baƙi na tafe.”

“In samo fari gobe in rufe shi…”

“Na ce ki ƙarasa.”

Tlalane ta buɗe bokiti na biyu, ta hau tsani. Tsanin ya yi ƙara ya karkata. Mme ta matso za ta riƙe, sai ta tsaya tana waige-waige da mayafin a hannu. Kujera duk ɗigon fenti, shinge duk ƙura, dutsen ƙofa ya jiƙe da kananzir. Ba inda za a ajiye shi. Ta yi tsaki, ta warware shi, ta yafa a kafaɗa, ta kama tsanin da hannu biyu.

Daga gangaren rafi waƙa ta taso, matan sun tashi daga taro suna hawowa. Tlalane ta leƙo ƙasa ta ga kafaɗun nan biyu, sun ƙanƙance, mayafin ya yi musu yawa.

“Mme, ga su nan fa.”

“Na ji su, ba kurma ba ce ni. Ki kula da gefen taga, kina zubarwa.”

Tlalane ta mayar da fuska ga bango. Ba ta ganin komai sai ruwa-ruwa, amma ta tsoma buroshin ta ci gaba da shafawa.